Sai Ya Yarda Zai Iya: Shawarwari Goma Ga Gidan da Ke da Mai Shaye-shaye

Duk wanda ya taɓa zama da mai shaye-shaye a lokacin da maye ya sake shi, ya san maganar da yawancinsu ke yi idan suka saki jiki. Da wuya ka ji wanda zai ce maka ƙwaya alheri ce. Abin da za ka ji shi ne: "Wallahi na gaji, amma na kasa." Ya rantse wa mahaifiyarsa, ya dafa Alƙur'ani a gaban kawunsa, ya yi kwana uku ko mako guda, ya koma. Kowace komawa kuwa tana ƙara tabbatar masa cewa shi kam tasa ta ƙare. Ya fi mai yi masa wa'azi sanin illar abin, domin a jikinsa take. Abin da ya rasa shi ne ƙarfin gwiwar cewa zai iya rabuwa da shi.

Gidajen da ke cikin wannan hali suna da yawa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, ban da giya da taba. A Jihar Kano an ƙiyasta kashi 16 cikin 100.

A 1977 wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Stanford a Amurka, Albert Bandura, ya bayyana cewa mutum yana dagewa kan abu mai wuya ne gwargwadon yadda ya yarda zai iya. Ya ce daga rijiyoyi huɗu ake ɗebo wannan yarda: nasarar da mutum ya taɓa samu da hannunsa, ganin irinsa ya yi nasara, maganar wanda ya amince da shi, da natsuwar jiki da zuciya. Masana suna aiki da wannan fahimta a jinyar da ake yi ta hanyar hira, amma ɗan lokaci suke ganin mutum a mako. Sauran kwanakin a gida yake yin su. Ga abin da gida zai iya yi. Zan riƙa cewa "shi" don sauƙin magana, amma komai a nan ya shafi mace ma.

1. A fara da ganin likita

Kada a kulle mutum a ɗaki a ce yau za ka daina. Wanda ya daɗe yana shan giya sosai, ko diyazefam da roci da sauran ƙwayoyin barci, idan ya yanke lokaci guda yana iya yin farfaɗiya, har a rasa rai. Likita ne ke tsara yadda za a rage a hankali. Mai shan kodin ko tiramol shi ma zai ji jiki: ciwon gaɓoɓi, gudawa, zufa, hamma da hawaye, rashin barci. Wahalar takan yi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, ta lafa cikin mako guda zuwa kwana goma, ko da yake barci kan daɗe bai daidaita ba. A gaya masa wannan tun kafin ya fara. Wanda ya san iyakar zurfin rafi ya fi ƙarfin halin shiga.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga kuma sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Hukumar NDLEA tana da layin neman shawara kyauta, 0800 1020 3040. Zuwa waɗannan wurare ba shaidar hauka ba ce. Idan kun je, ku nemi a haɗa shi da mai jinyar hira bayan magani, a kuma duba ko akwai ciwon damuwa a ƙarƙashi, domin sau da yawa shi ne ya fara tura mutum ga ƙwayar.

2. A sauke masa mugun suna

"Ɗan ƙwaya." "Lalatacce." "Ba za ka taɓa yin albarka ba." Mun san nauyin bakin iyaye a wurinmu. Yaron da ya yarda uwarsa ta yi masa baki, me zai sa ya yi ƙoƙari? A raba mutum da aikinsa: a ƙi abin da ya yi, a faɗa masa an ƙi, amma a ci gaba da kiransa da sunansa, a ci abinci da shi, a yi shawarar gida da shi. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya. Da wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Hausawa ma sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Haka kuma a nisanci gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, daga baya aka ga irin haka a Jihar Katsina. Ko a ajiye zancen zalunci gefe, wanda aka ɗaure bai koyi cewa zai iya ba. Mari ne ya daina masa sha, kuma ranar da aka kwance marin, shan yana nan yana jiransa a ƙofa.

3. A rage wa'azi, a yawaita tambaya

Mai shaye-shaye zuciyarsa biyu ce: ɗaya tana son bari, ɗaya tana tsoron rayuwa babu abin. William Miller na Jami'ar New Mexico ya lura cewa idan ka matsa wa irin wannan mutum da dalilan dainawa, sai ya koma lauyan ɗayar zuciyar, ya yi ta kawo maka dalilan ci gaba, yana kuma jin kansa yana faɗa. Daga nan ya fito da hanyar hirar zaburarwa a 1983. Dabarar ita ce a bar dalilan dainawa su fito daga bakin mai abin.

A zaɓi lokacin da yake garau, ya ci abinci, babu 'yan kallo. Ɗauki misalin uwa da ɗanta mai tuƙin adaidaita sahu, bayan sallar isha'i.

"Zo zauna, ba faɗa zan yi maka ba. So nake ka gaya mini, me abin nan yake yi maka?"

"Umma, in ban sha ba, ba na iya kai dare a kan titi."

"To, yana ɗauke maka gajiya ke nan. Me kuma yake karɓa a wurinka?"

Zai yi shiru. A bar shirun, kada a cike masa shi. Can sai ya ce, "Balas ma yanzu da ƙyar nake haɗawa. Shekaranjiya na kusa take wani yaro."

Wannan magana da ya faɗa da kansa ta fi nasihar wata guda tasiri. Aikin uwa a nan shi ne ta maimaita masa abin da ya ce, ta tambaye shi me yake ganin ya kamata. Kada ta ce, "Ai na gaya maka."

4. A auna ƙarfin gwiwarsa daga sifiri zuwa goma

Masu hirar zaburarwa suna da wata tambaya mai sauƙi da kowa zai iya yi: "Idan sifiri shi ne ba za ka iya ba sam, goma kuma ka tabbata za ka iya, a ina kake yau?" A ce ya ce uku. Baki zai so ya ce, "Me ya sa ba goma ba?" Kada a yi, domin amsar duk uzuri ce. A tambaye shi, "Me ya sa uku, ba ka ce sifiri ba?" Dole ya lalubo ƙarfinsa: "Ai bara da na yi zazzaɓi na yi kwana tara ban sha ba." Ko kuma, "Ai ni na bar sholisho da kaina, ba wanda ya sa ni."

Sai tambaya ta biyu: "Me zai sa ukun nan ya zama huɗu?" Amsar takan zama abu ƙarami da gida zai iya yi: a raka shi asibiti, Baba ya daina yi masa gori a gaban ƙannensa, a riƙe masa kuɗinsa ranar da aka biya shi. A maimaita tambayar duk mako. Ko lambar ta sauka, a saurara kawai a ji me ya faru.

5. A tara masa ƙananan nasarori

"Har abada" kalma ce mai nauyi ga wanda bai taɓa wuce mako ba. A sa masa buri daidai ƙarfinsa: yau kaɗai, sannan kwana uku, sannan daga Juma'a zuwa Juma'a. Ya samu kalanda a ɗakinsa, duk daren da ya kwanta garau ya ja layi da hannunsa. Da yayyafi kogi kan cika.

A kuma tuna masa nasarorin da ya manta. Da yawa daga cikin masu shaye-shaye suna azumin Ramadan: daga asuba zuwa magariba ba su taɓa komai, kwana talatin a jere. Wannan shaida ce cewa yana da linzamin kansa. Ita kanta giya mataki-mataki aka haramta ta a Musulunci, ba rana ɗaya ba.

Yabo ya zama a kan abin da aka gani. "Kai yaron kirki ne" ba zai yarda da ita ba. Amma "Na ga yau ka dawo kafin magariba, ka kuma ci tuwo da mu" ba zai iya musawa ba.

6. Ya riƙe ɗan littafi don gano abin da ke tayar masa da sha

Jinyar gyara tunani da ɗabi'a, wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya kafa tushenta a shekarun 1960, tana koya wa mutum cewa sha ba ya faɗowa daga sama. Akwai abin da ke gabatarsa. Duk lokacin da abin ya motsa masa, ko ya sha ko bai sha ba, ya rubuta abu biyar: yaushe, a ina, da wa, me yake ji a ransa, me zuciyarsa ta raya masa. Wanda ba ya rubutu ya ɗauki muryarsa a waya.

Cikin mako biyu zai ga sawun abin. Wani majalisar bayan la'asar ce. Wani ranar da kuɗi ya shigo hannu. Wani gidan biki, wani gajiyar aiki, wata kuma bayan cacar baki da miji ko kishiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda ya san inda tsagar take ya san inda zai liƙe.

Abu na biyar, wato abin da zuciyarsa ta raya masa, shi ne mafi muhimmanci. Za a tarar maganganu uku ko huɗu ne ke ta dawowa: "Sau ɗaya ne kawai." "In ban sha ba ba zan yi barci ba." "Ai na riga na lalace." Ya ɗauki kowace ya yi mata tambayar alƙali: ina shaida? Sau nawa "sau ɗaya" ta tsaya a ɗaya? Sai ya rubuta amsar da kalmominsa, ya ajiye a aljihu ko a fuskar wayarsa. Littafin nasa ne. Duk wanda ya karanta a ɓoye ya kai wa Baba rahoto, ya rushe aikin gaba ɗaya.

7. Ya koyi jira, ya kuma koyi ƙi

Mai sha yana zaton idan sha'awar ta taso za ta yi ta ƙaruwa har sai ya sha. Alan Marlatt na Jami'ar Washington, wanda ya shahara kan dabarun hana komawa, ya koyar cewa tana tashi ne ta kai ƙololuwa ta sauka da kanta, galibi cikin abin da bai wuce rabin sa'a ba. Kamar yajin barkono ne: yana cin baki, hawaye na zuba, amma ko ba a yi komai ba zai lafa. Idan ta taso ya duba agogo, ya bar wurin da yake, ya yi alwala ko wanka, ya ja numfashi a hankali yana sakinsa a hankali, ya kira mutum ɗaya da aka riga aka yi alkawari da shi. In ta wuce ya sake duba agogo ya rubuta minti nawa ta yi. Duk wadda ya jure ta wuce, ta gaba takan zo da rauni.

Ƙi kuma sai da atisaye. Yayansa ya zama tsohon abokin majalisa, ya miƙo kwalba: "Haba mutumina, ɗan kurɓa mana, ko ka zama ustaz ne?" Shi kuma ya dubi idonsa ya ce, "Na bari. Kada ka sake miƙo mini," ya tashi. Babu dogon bayani, babu "yau dai ba na jin daɗi," domin wannan gayyatar gobe ce. A yi sau biyar, sau goma, har bakinsa ya saba. A goge lambar dila, in da hali a sauya layin waya da hanyar dawowa gida.

8. A saka wa alheri da wuri, a daina rufa wa ɓarna asiri

A farkon shekarun 1990 Stephen Higgins na Jami'ar Vermont ya gwada ba masu shan hodar iblis ɗan tukuici duk lokacin da gwajin fitsari ya nuna ba su sha ba, tukuicin yana ƙaruwa da yawan kwanaki. Hanyar ta zama ɗaya daga cikin mafiya inganci da aka sani. A gida a yi yarjejeniya a fili: mako ɗaya garau, ga kaza, wata ɗaya, ga kaza. Kada ya zama tsabar kuɗi. Yadin ɗinki, takalmin ƙwallo, kuɗin koyon sana'a da za a biya kai tsaye, ko a mayar masa da makullin babur.

Ɗaya gefen shi ne a daina share masa hanya. Kada a yi wa maigidansa ƙarya, kada a biya masa bashin dila. Ranar da ya shigo a buge, a ba shi abinci da wurin kwana, a janye hira, a bar magana sai da safe. Robert Meyers ya tsara horon iyali a kan wannan. A wani gwaji da aka buga a 1999, kashi 64 cikin 100 na iyalan da aka horar haka sun shawo kan mashayinsu ya shiga jinya, waɗanda aka shirya su yi masa taron dangi kuwa kashi 30. Idan akwai duka ko barazana da makami, tsaron mata da yara ne farko.

Kuma a cike masa sa'o'in da sha ya bari. Zaman banza bayan la'asar shi ne babban abokin dila.

9. A nuna masa irinsa da ya fita

Maganar likita daban, maganar wanda ya taɓa kwana a kwata ya tashi ya zama mai shago da iyali daban. A nemi irin wannan mutum, wanda ya daɗe da bari, a haɗa su. Idan asibitin yana da zaman rukuni na masu jinya, a ƙarfafa masa zuwa. Limami ko fasto mai sauƙin hali da riƙon sirri shi ma babban jigo ne.

Mata sun fi shan wuya a nan. Binciken da na ambata ya nuna ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da kayan maye mace ce, amma kaɗan ne ke zuwa jinya, saboda tsoron saki da tsoron a ce gidan su wane. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, sai dai hani bai warkar da wadda ta riga ta kamu ba. Mijin da ya tsinci kwalba a bayan kwanukan matarsa, ko uwar da ta gani a jakar 'yarta, su fara da tambayar me ke damunta. A nema mata ma'aikaciyar lafiya mace, a rufa mata asiri a wajen mutane, amma kada a ɓoye wa likita.

10. A shirya wa zamewa tun kafin ta zo

Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda suka yi jinya kan sake sha, adadin da bai wuce na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke dawowa ba. Ta kuma ce yawancin mutane suna bukatar aƙalla wata uku a jinya kafin a ga sauyi mai ɗorewa. Marlatt ya lura cewa abin da ke mayar da kurɓa ɗaya ta zama komawa gaba ɗaya shi ne tunanin da ke biyo baya: "Shi ke nan, na ɓata komai, bari in ƙarasa." Idan gida ma ya ce, "Dama mun sani," an sa wa wannan tunani hannu.

A yi yarjejeniya tun yana garau: in ka zame, ka faɗa wa wane a ranar, ba za a yi maka ihu ba, washegari mu koma asibiti. A buɗe littafi a ga ta ina abin ya shigo. Kwanakin da ya yi garau ba su goge ba, suna nan a kalanda, shaida ce cewa ya taɓa yi.

Akwai haɗari ɗaya da dole kowa a gida ya sani. Bayan mutum ya yi makonni bai sha kodin ko tiramol ba, jikinsa ba zai ɗauki adadin da ya saba ba, kuma a nan ake yawan rasa rai. Idan aka same shi ba ya farkawa, numfashi ya yi ƙasa, leɓɓa sun sauya launi, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja, a garzaya asibiti a faɗi gaskiyar abin da ya sha. Haka nan duk maganar "gara in mutu in huta", a ɗauke ta da gaske, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita a ranar.

Abu na ƙarshe na masu jinya ne. Iyaye su haɗa baki, kada Baba ya hana, Umma kuma ta bayar ta bayan gida. A raba nauyin tsakanin 'yan uwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma uwar da ta daina barci ta daina cin abinci ba za ta iya doguwar tafiyar nan ba. A yi addu'a, a haɗa da aiki. Ba kowane gida zai iya duka goman nan lokaci guda ba. A fara da mafi sauƙi: daren yau, in ya shigo garau, a zuba masa tuwo, a zauna kusa da shi, a tambaye shi a lamba nawa yake. Ko biyu ya ce, a tambaye shi me ya sa bai ce sifiri ba, sannan a yi shiru a saurari amsarsa.